Ƙwaya

Asalinta gona ne. In manomin Tsibiri ya ce ƙwaya, tsabar gero yake nufi, wadda yake murzawa daga zangarniya ya ga ko ta nuna. Daga nan aka sami ƙwayar ido, da "ƙwaya ɗaya" wurin ƙirga. Da maganin asibiti ya zo, ɗan mitsitsi, sai ya ari sunan.

Yau a Maraɗi, a kira saurayi ɗan ƙwaya zagi ne, kuma galibi tramol ake nufi. Tana danne ciwo da gajiya, abin da ɗan kokawa ke nema a tsimi tun kaka da kakanni. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni, ta haramta ta lokacin gasa daga Janairun 2024, ko da yake hukumar tseren keke ta duniya ta riga ta tun 2019.