Tarihin Dashen Huhu da Yadda Ake Gane Jiki Ya Ƙi Shi

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi daga Ɗambatta, ya ce ya ji wai ana cire wa mutum huhu a sa masa na wani. Yana so ya san yaushe aka fara, kuma yaya likita zai gane in jikin bai karɓa ba?

AMSA: To malam, abin da ka ji gaskiya ne. Dokta James Hardy na Jami'ar Misisipi a Amurka shi ya fara yi wa ɗan Adam wannan aiki, ran 11 ga watan Yuni, 1963. Majinyacin ya yi kwana 18, sannan ciwon ƙoda ya zama ajalinsa. Aka yi kusan shekara 20 ana gwadawa, amma yawancin waɗanda aka yi wa ba sa wuce 'yan makonni.

Babbar matsalar ita ce, Allah ya yi wa jiki dakaru, wato fararen ƙwayoyin jini, masu far wa duk baƙon abin da ya shigo. Sabon huhu kuwa baƙo ne a wurinsu. Sauƙi ya zo da aka samo maganin saikulosiforin daga wata irin funfuna, wanda ke kwantar da dakarun nan. A 1983 Dokta Joel Cooper na birnin Toronto a Kanada ya dasa wa wani mutum huhu ɗaya, ya rayu sama da shekara 6.

Sai dai da sauran rina a kaba. In jiki ya fara ƙin huhun, majinyaci kan yi tari da zazzaɓi da haki. In ƙwayoyin cuta ne suka shiga, alamun ke nan dai. Ga shi maganinsu ya saɓa: na farko ƙara danne dakarun ake yi, a na biyu kuwa danne su tamkar buɗe wa ɓarawo ƙofa ne. Don a bambance, likita kan zura siririn bututu ta hanci ko ta baki, ya tsinko ɗan naman huhu a duba. Wannan na iya jawo zubar jini ko huhu ya sace.

Shi ya sa tun wajen ƙarshen shekarun 1980 masana suka koma neman amsa cikin jini. Suka riƙa auna sinadaran da dakarun ke saki in sun tashi faɗa, kamar wanda ake kira mai karɓar intalukin-2. Lalle yakan ƙaru in jiki na ƙin huhun, amma yakan ƙaru ma in cuta ta shiga. Ƙura ta nuna ana faɗa, ba ta faɗi da wa ake yi ba.

A 2015 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka nuna wata hanya: auna ɓurɓushin ƙwayoyin gado, wato DNA, na wanda ya ba da huhun, da ke yawo a jinin majinyaci. In huhun na jin jiki, sai ɓurɓushin ya yawaita. Gwajin na taimakawa a farga da wuri, amma har yau likita kan haɗa shi da awon numfashi da duba naman huhu kafin ya yanke hukunci.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.