Asalin Taskar Littattafan Tambutu

Taskar littattafan Tambutu, a ƙasar Mali, ba wani sarki ne ya gina ta ba. A zaurukan malamai ta fara, gida-gida.

Buzaye ne suka kafa garin wajen shekarar 1100, a inda raƙumi ke haɗuwa da jirgin kogin Kwara. Ayarin gishiri ya sauka daga arewa, zinariya ta haura daga kudu, a cikin kayan fatake kuwa har da takarda da littattafai daga Fas da Masar. Bayan Mansa Musa, sarkin daular Mali, ya dawo daga hajjinsa na 1324 aka gina masallacin Jingarebar, malamai suka yi ta kwararowa, musamman unguwar Sankore. Kwafar littafi ta zama sana'a. Mai kwafa ya zauna da alƙalamin kara da tawada, ya rubuta a kan warƙoƙi waɗanda ba a ɗinke ba, a tattara su cikin bangon fata, a sa a gafaka. Idan malami ya rasu, littattafansa na cikin gado. Daga irin waɗannan gidaje wasu malamai suka zo Kano da Katsina koyarwa.

A 1591 rundunar Maroko ta karya daular Songhai, wadda Tambutu ke ƙarƙashinta, a Tondibi. Ba a jima ba aka kama manyan malaman garin, aka tafi da su Marrakesh. Cikinsu akwai Ahmad Baba, wanda ya ce an kwashe masa littattafai 1,600, kuma tasa taskar ce mafi ƙanƙanta a danginsa. Sai a 1608 ya dawo gida. Tun daga wannan zamani mutanen Tambutu suka koyi ɓoyo. Da Faransawa suka zo, sai aka ƙara zurfafawa: wasu littattafan a adaka, wasu a rami, wasu a ɗakin da aka toshe ƙofarsa da laka. Ɓoyon ya tsare su daga hannun baƙi, amma gara da danshi sun ci rabonsu.

Taron UNESCO na 1967 ne ya ba da shawarar a tattara littattafan wuri guda, aka buɗe Cibiyar Ahmad Baba a 1973. Tattarawar ta yi wuya, don mai littafin kakansa ba ya sakin sa da sauƙi. Ma'aikata irin su Abdulƙadir Haidara sun bi ƙauyuka da raƙumi da kwalekwale suna lallashi, wani lokaci da kuɗi, wani lokaci da dabbobi. Abin da aka samu galibi Alƙur'ani ne da fiƙihu da nahawu, sai ilmin taurari, da magani, da tarihi irin su Tarihus Sudan na Sa'adi. Akwai kuma wasiƙun fatake da takardun bashi da na gado, waɗanda sau da yawa sun fi manyan littattafai nuna yadda mutanen garin suka rayu.

Da 'yan bindiga suka kama garin a 2012, iyalai suka koma tsohuwar dabara. Aka loda ɗaruruwan dubban rubuce-rubuce a akwatunan ƙarfe, aka sulale da su Bamako ta mota da ta ruwa. A watan Janairun 2013 maharan suka ƙona kimanin 4,000 da suka tarar a sabon ginin cibiyar, wanda Afirka ta Kudu ta gina. A watan Agustan 2025 gwamnatin Mali ta fara mayar da waɗanda aka tserar zuwa Tambutu.