Aliou Cissé: shekara ashirin tsakanin Bamako da Yawunde

Ranar 10 ga watan Fabrairu 2002, a Bamako, Sanagal da Kamaru suka buga wasan ƙarshe na kofin Afirka. Aka tashi babu ci, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Aliou Cissé, jagoran ƴan wasan Sanagal, shi ya buga na ƙarshe, mai tsaron gidan Kamaru ya tare. Kofi ya tafi Kamaru.

An haifi Cissé a Ziginshor, kudancin Sanagal, a 1976, ya girma a Faransa. Ya buga wa Lille da Paris Saint-Germain, daga baya Birmingham da Portsmouth a Ingila. Ɗan wasan baya ne mai taurin kai, ba mai yawan kwalliya da ƙwallo ba. Wata huɗu bayan ɓacin ran Bamako, shi ya ja ƴan wasan da Bruno Metsu ke horaswa suka doke Faransa mai riƙe da kofin duniya da ci 1-0, har suka kai zagayen kwata fainal. A Satumbar shekarar jirgin ruwan Joola ya nutse, ya rasa ƴan uwa da dama a ciki.

A 2015 aka damƙa masa horas da ƴan wasan ƙasa. Nan ma bai sha da daɗi ba. A kofin duniya na 2018 Sanagal ta yi kunnen doki da Japan a maki da ƙwallaye, aka fitar da ita saboda ta fi yawan katin gargaɗi. A 2019, a Alƙahira, Aljeriya ta doke ta 1-0 a wasan ƙarshe. A ƙasashe da yawa na nahiyar nan, wannan ya isa a sallami mai horaswa a ɗauko Bature. Sanagal ta bar shi kan aikinsa.

Ranar 6 ga Fabrairu 2022, a Yawunde, aka haɗu da Masar. Tun farkon wasa Sadio Mané ya ɓarar da bugun fenariti. Da aka zo bugun raba gardama, Mané ɗin ne ya sake tsayawa gaban ƙwallo, ya ci, Sanagal ta ɗauki kofinta na farko. Mutumin da ke tsaye bakin fili ya fi kowa sanin nauyin da ke kan yaron.

Mu malamai mun san wannan a aji. Yaron da ya faɗi jarrabawa bana, in an kore shi, ba za a taɓa sanin abin da zai yi baɗi ba. Cissé ya riƙe aikin har 2024, shekara tara cur. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, amma sai in an bar masa tukunyar a kan wuta.