Tarihin Man Calmugura da Ciwon Kuturta

Tun zamanin dā ba a san wani ciwo da mutane suke tsoro kamar kuturta ba. Wanda ya kamu da ita yakan rasa yatsunsa, ya kuma rasa jama'arsa. A ƙasar Indiya da Bama akwai wata itaciya da ake kira calmugura. Mutanen can sukan tatsi mai daga ƙwayayen 'ya'yanta, su shafa wa kutare, su kuma ba su su sha. Shekaru aru-aru suna haka, har man ya kai ƙasar Sin.

A shekarar 1854 wani likita Bature mai suna Frederic Mouat ya jarraba man nan a birnin Kalkata, ya rubuta cewa ya ga sauƙi a jikin marasa lafiya. Amma a lokacin ba wanda ya san asalin ciwon. Sai a 1873 Likita Hansen, mutumin ƙasar Norwe, ya duba da madubin likita, ya ga wasu ƙwayoyin cuta ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Daga nan aka fara gane cewa kuturta ba gado ba ce, ba kuma sammu ba.

To, mene ne a cikin man da ke yaƙi da ƙwayoyin nan? A 1904, a birnin Landan, wani masani wai shi Frederick Power ya tace man, ya fitar da wani sinadari, ya raɗa masa sunan itaciyar. Binciken da aka yi daga baya ya nuna lalle irin sinadaran da ke cikin man suna rage hayayyafar ƙwayoyin kuturta. Ashe mutanen dā ba a banza suka yi ta shafe-shafensu ba.

Sai dai man yana da wuyar sha'ani. In an sha yakan sa amai, in an yi allurarsa yakan taru a ƙarƙashin fata ya yi ƙurji, saboda kaurinsa. Wadda ta warware wannan matsala wata budurwa ce Baƙar Fatar Amurka, Alice Ball, malamar harhaɗa sinadarai a tsibirin Hawai. Wajen 1915 ta sarrafa man har ya tsinke, jiki ya iya karɓarsa ta allura. Ta rasu a 1916 tana da shekara 24, ba ta kai ga buga aikinta ba. Shugaban makarantarsu ya ci gaba da aikin, aka riƙa kiran dabarar da sunansa, sai a 1922 Likita Hollmann ya bayyana wa duniya mai ita.

Fiye da shekara 20 allurar nan ita ce babban maganin kuturta. Ta taimaki waɗansu, amma da yawa ciwon yakan komo musu. A 1941 aka jarraba wani sabon magani a Karbil ta Amurka, ya fi man ƙarfi nesa ba kusa ba. A ƙarshen shekarun 1940 kuma, a Uzuakoli, cikin gabashin Nijeriya, Likita John Lowe ya nuna ana iya ba da ɗan'uwansa, dafson, a haɗiya. Nan aka ajiye calmugura.

Daga 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, ana sha wata 6 ko 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. Mai karatu, ka lura: itace yana da magani, amma gwaji ne ke nuna iyakar ƙarfinsa. Wanda ya ga tabo a fatarsa, ya taɓa bai ji ba, kada ya ɓoye, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe. Ya hanzarta zuwa asibiti tun yatsu suna nan, domin kuturta tana warkewa.