Daga Heda Zuwa Titin Hobbs: Yadda Yahudawan Greensboro Suka Yi da Karatun 'Ya'yansu

A watan Yunin 2019 wata makarantar kwana da ke kan titin Hobbs a Greensboro ta sanar cewa ta rufe, ba zato ba tsammani, ɗalibai suna hutun bazara. Sunanta American Hebrew Academy. Mu 'yan zuwa karatu, yawancinmu ko labarinta ba mu sani ba, alhali tambayar da ta haife ta ita ce ke jiran duk wanda zai yi iyali a ƙasar nan: yaron da aka haifa cikin mutanen da ba yarensa suke yi ba, ba addininsa suke bi ba, wa zai koya masa ko shi wane ne?

Yahudawa sun daɗe da wannan tambayar. Littafinsu na Talmud ya ba da labarin wani babban malami a Kudus, Yoshuwa ben Gamla, wanda tun ƙarni na farko miladiyya ya sa a naɗa malaman yara a kowane gari, a riƙa kai yaro yana ɗan shekara shida ko bakwai. A Gabashin Turai wannan ta zama abin da suke kira heda, ma'anarta ɗaki kawai. Malami ɗaya ne a ɗakin gidansa, yara sun zagaye shi, ana farawa da haruffa, alef da bet, sai karatun Attaura da ƙarfi ana rangaji, iyaye na biyan malam ɗan abin da ya samu. Duk wanda ya yi makarantar allo ai ba sai an yi masa dogon bayani ba, har bulalar akwai. Wanda ya yi fice sai ya wuce yashiba, kamar a ce makarantar ilimi ta zaure, inda ake ja-in-ja kan fiƙihunsu.

Rigimar boko ma sun yi tasu. Babbar yashibar Volozhin, wadda aka kafa a 1803 a ƙasar da yanzu take Belarus, an rufe ta a 1892 bayan gwamnatin Rasha ta gindaya sharaɗin a mayar da mafi yawan yini ga karatun zamani da harshen Rashanci. Mawaƙinsu Bialik, wanda ya yi karatu a can, ya rubuta doguwar waƙa kan ɗalibin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban littafi, yana yaba shi yana kuma tausaya masa. A Amurka kuwa littafin Chaim Potok na 1967, The Chosen, labarin ɗan wani shehin malami ne a Brooklyn da ake sa ran zai gaji mahaifinsa, shi kuwa zuciyarsa na ga ilimin halayyar ɗan'adam. Na karanta shi ina ta tuno gidajen malamai na Kano da Zariya.

To, mu dawo Greensboro. Yadi ne ya kafa Yahudawa a garin. Moses da Ceasar Cone, 'ya'yan wani baƙo daga Bavariya ta Jamus, sun buɗe masaƙar Proximity a tsakiyar shekarun 1890, sannan White Oak a 1905, wadda ta yi shekara sama da ɗari tana saƙa yadin wandon jins, har da na kamfanin Levi's, kafin a rufe ta a ƙarshen 2017. Asibitin Moses Cone da muke zuwa, sunan ɗayansu ne. A 1907 aka kafa jama'ar ibada da ta zama Temple Emanuel. Abin sha'awa, da yake ba su da yawa, masu sassauci 'yan asalin Jamus da masu riƙon gargajiya daga Gabashin Turai sai suka haɗu a majami'a ɗaya. Ƙarancin jama'a kan sa a haƙura da juna. Masallatanmu na nan ma haka ne, ɗan Izala da ɗan ɗariƙa sahu ɗaya. Sai a 1944, da aka yi yawa, masu ra'ayin tsakatsaki suka ware suka kafa Beth David.

Karatun yara a lokacin na ƙarshen mako ne da na yamma: yaro ya yi boko a makarantar gwamnati, ya zo ya koyi Ibrananci daidai abin da zai iya karanta Attaura a gaban jama'a idan ya cika shekara 13. Matsalar sananniya ce, da an yi wannan bikin sai yara da yawa su ajiye karatun, kamar yaron da ya yi sauka ya rataye allo. A 1970 wasu iyaye suka buɗe makarantar yini, wadda ake kira B'nai Shalom, ana yin boko da Ibrananci da addini a aji ɗaya. Amma ta ƙananan yara ce, ba ta kai babbar sakandare ba.

Wannan giɓin ne Maurice Sabbah, wanda ake kira Chico, ya ce zai cike. Attajiri ne, kamfaninsu Fortress Re da ke Burlington yana harkar inshorar jiragen sama. Ya zuba kuɗi wajen dala miliyan 100 a fili mai eka 100, har da tafki. Aaron Green, wanda ya yi aiki da Frank Lloyd Wright, shi ya zana gine-ginen. Mu 'yan injiniya abin da zai burge mu yana ƙarƙashin ƙasa ne: ɗaruruwan rijiyoyi masu zurfi da bututun ruwa ke zagayawa a ciki, suna ɗebo ɗumin ƙasa da hunturu, su mayar mata da zafin ɗakuna da bazara. Burinsa shi ne makarantar kwana ta duk Yahudawa ba tare da duba aƙida ba, a ci abinci bisa ƙa'idar addini, a kiyaye ranar Asabar, 'yan aji uku su je Isra'ila su yi zango guda.

An buɗe ta ranar 10 ga Satumba, 2001. Washegari aka kai harin New York da Washington, kuma inshorar jiragen da aka yi amfani da su ta bi ta hannun Fortress Re. Kamfanonin Japan da ke ɗaukar nauyin asarar suka girgiza, ɗaya daga cikinsu, Taisei, ya durƙushe, aka shiga shari'a. Wato tun kwana ɗaya da haihuwa makarantar ta fara rasa rijiyar da take sha. Sabbah ya rasu a 2006.

Duk da haka ta yi shekara 18, ɗalibai suna zuwa daga ƙasashe da dama, da yawa daga Meziko. Sai dai ba ta taɓa cika ba. An yi gini don ɗaruruwa, a ƙarshe ɗalibai ba su kai 200 ba, kuɗin shekara kuwa wajen dala 40,000. A ganina ba harin Satumba kaɗai ya kashe ta ba. Iyalan Yahudawa masu son karatun addini sosai suna da makarantun yini a New York da sauran manyan birane, ba sa buƙatar tura yaro nesa. Waɗanda ke ƙananan garuruwa kuma, ba kowa ke iya rabuwa da ɗan shekara 14 ba, balle ga tsada. Ita ma jama'ar garin, 'yan dubbai ne kacal, ba su suka gina ta ba, ba za su iya riƙe ta ba. Idan muna hira kan Islamiyyar yaranmu a nan wani ya ce "bari mu samu wani Alhaji a gida ya gina mana", wallahi wannan makarantar nake tunawa.

A 2022 gwamnatin tarayya ta karɓi hayar harabar don ajiye yaran baƙin haure da suka tsallako iyaka ba tare da iyayensu ba. B'nai Shalom kuwa tana nan a harabar Beth David, kan kuɗin makaranta da gudunmawar jama'a, ta haura shekara 50, kuma ita ce makarantar yini ta Yahudawa mafi daɗewa a jihar Karolina ta Arewa.