Ruwa da Hayaƙi: Tarihin Tukunyar Shisha da Zaton da Ake Yi Mata



Mutumin Wudil ba ya bukatar a gaya masa amfanin ruwa, tun da ga kogi nan a bakin gari, ana wanka, ana wanki, ana shayar da shanun da ake kawowa kara ranar Juma'a. Saboda haka idan aka ce masa hayaƙin da ya ratsa ta cikin ruwa ya wanku, ba zai yi gardama ba. Wannan zato shi ne jigon laccata. Zan nuna cewa ya daɗe a duniya kusan daɗewar tukunyar kanta, kuma kuskure ne.

Abin da ake kira shisha tulu ne mai ruwa, da kasko a samansa inda ake zuba taba a ɗora garwashi, da tiyo wanda ake zuƙa. Sunan ma baƙo ne, domin da Farisanci “shishe” gilashi ne, kamar yadda ɗaya sunan nata, “nargila”, ya fito daga kalmar kwakwa, wadda da ƙoƙonta aka riƙa yin tulun a ƙasar Hindu.

Labarin da aka fi yaɗawa shi ne wai wani likitan fadar Sarki Akbar na daular Mughal, Hakim Abul Fath Gilani, shi ya ƙago ta, don ruwa ya tace hayaƙin taba kafin ya shiga ƙirjin manya. Labari ne mai daɗi, amma lissafin shekaru bai goyi bayansa ba. Likitan ya rasu wajen 1589, alhali kuwa taba ba ta isa fadar Akbar ba sai wajen 1604. Abin lura dai shi ne, ko a cikin almarar asalinta, da sunan kiwon lafiya aka tallata ta.

Shaidar da ta fi wannan tsufa a Afirka take. A wani kogo kusa da tafkin Tana a Habasha an tono kasake biyu na yumɓu waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu zuwa wajen 1320, kuma ana ganin kawunan tukwanen ruwa ne. A 1975 Nikolaas van der Merwe ya buga sakamakon gwajin da aka yi musu, inda aka sami burbushin tabar wiwi. Watau an zuƙi wiwi ta cikin ruwa a wannan nahiya tun taba ba ta ƙetaro daga Amurka ba.

To, ina ƙasar Hausa a cikin wannan tarihi? Taba ta iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16, ta kuma jawo muhawara tsakanin malamai. A 1607 Ahmad Baba na Tumbutu ya yi rubutu yana halatta ta; daga baya a cikin ƙarnin Muhammad al-Wali na Bagarmi ya yi nasa yana haramtawa. Amma kakanninmu a lofe suka sha ta, ko su tauna garinta da kanwa, mata kuma su rina haƙora da furenta. Tulun ruwa ba ya cikin kayan shan tabarsu. Wiwi kuwa, masana da dama suna ganin yaɗuwarta a Nijeriya ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, ta hannun sojojin da suka komo daga Hindu da Bama da kuma ma'aikatan jiragen ruwa, kuma a takarda ake naɗe ta. Dokar soja ta 1966 ta tanadi hukuncin da ya kai har na kisa ga mai noma ta. An sassauta wannan daga baya, aka kafa hukumar NDLEA a 1989, amma wiwi tana nan haramtacciya.

Abin da ya buɗe wa shisha ƙofa shi ne tabar nan mai zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace, wadda kamfanonin Masar suka yaɗa a shekarun 1990. Ita ta kai tulun hannun samari da 'yan mata a duniya, har ya iso otal-otal da wuraren shaƙatawa na Kano. A 2018 Ministan Lafiya, Farfesa Isaac Adewole, ya yi shelar hana tabar shisha, a 2021 kuma gwamnatin Jihar Kano ta sanar da nata hanin.

Yanzu bari mu koma kan ruwan. Aikin da yake yi na haƙiƙa shi ne sanyaya hayaƙi da jiƙa shi. Hayaƙi yana wucewa ne a cikin kumfa, cikin ƙiftawar ido, kuma gefen kumfar kaɗai ke taɓa ruwa. Mafi yawan baƙin danƙon nan mai kama da kwalta yana ficewa abinsa. Sannan ga garwashi, wanda ke fitar da iskar guba ta kabon monoksaid, irin wadda ke hallaka mutanen da suka kwana da kaskon gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki. Wannan iska da ƙyar take narkewa a ruwa. A nan ne sanyin ya zama tarko, domin zafin hayaƙi da tari su ne ke tsawata wa mai sha ya dakata. Da aka kawar da su, sai ya zuƙa da zurfi, ya kuma daɗe yana yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2005 cewa zama ɗaya na shisha yakan ɗauki minti 20 zuwa 80, kuma yawan hayaƙin da mutum zai haɗiya a ciki yana iya kai na karan sigari 100 ko fiye.

Game da wiwi kuwa, wani gwaji da Dale Gieringer ya ba da rahotonsa a Amurka a 1996, wanda ƙungiyoyi masu neman a sassauta dokar wiwi ne ma suka ɗauki nauyinsa, ya nuna ruwan ya fi riƙe sinadarin da ke bugarwa a kan yadda yake riƙe kwaltar. Ke nan mai neman maye ta tulu sai ya haɗiyi kwalta fiye da wanda ya naɗa a takarda kafin ya kai inda yake so.