Mas'alar Ci Gaba: Bahasi Daga Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Har yau akwai daga cikin malaman tattalin arzikinmu waɗanda ke karantar da ra'ayin Rostow na shekarar 1960 kamar nassi ne da ba ya karɓar tawili, wato cewa ƙasashen duniya duka a kan tsani guda suke mai matakai biyar, Amurka da Ingila suna can ƙoli, mu kuwa muna ƙasa a matakin al'ummar gargajiya, wadda ba ta san tattali ba balle neman riba, sai an zuba mata jari da injuna kafin ta motsa. A nawa ƙaramin fahimtar, tarihin yammacin Kano bai yarda da wannan ƙiyasi ba.

Abin da ya faru bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 sananne ne, masani Hogendorn ya riga ya yi tahƙiƙinsa a 1978. Turawa auduga suka so domin masaƙun Ingila, amma manomi ya lura masaƙan gida sun fi su sayen audugar da daraja, ya kuma lura gyaɗa ta fi kawo kuɗin haraji, ga harawa ga dabbobi, ga abin ci idan kasuwa ta faɗi, sai ya karkata gare ta ba tare da wani ya karantar da shi ba. Mutumin da ya iya wannan lissafi, da wuya a ce jahilcin kasuwa ne illarsa.

Mai riƙe da ra'ayin Rostow zai ce: to, mun ji, amma ai jari ne ya yi ƙaranci, shi ya sa hukumomin sayen amfanin gona, tun daga 1949, suka riƙa riƙe wani kaso na kuɗin gyaɗa domin a gina ƙasa. Wannan hujja ce mai nauyi, ba kuwa zan raina ta ba, domin lallai an yi hanyoyi da makarantu da masana'antu a Jihar Arewa. Sai dai a tambaya: da fari ya auku a 1973, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, nawa ne daga abin da aka riƙe ya komo hannun wanda aka riƙe wa? Dalar gyaɗa ta ɓace, a 1986 aka rushe hukumomin baki ɗaya, manomi kuwa ya koma ga masara da dawa da rake da kansa, da guminsa.

Zai sake cewa: ai ga jari ya iso Ƙaraye, ga madatsar Challawa da aka kammala a 1992, mai ɗaukar ruwan da ya haura kubik mita miliyan 900. Haka ne. Amma wanda ya je bakin ruwan da rani zai ga mai lambu ya sayi injin ban-ruwa da kuɗinsa, ya ja tiyo, ya sha tsadar fetur da taki, sa'an nan tumatirin kowa ya nuna a mako guda, dillali ya taya kwando abin da bai kai kuɗin mota ba, har ya gwammace ya tsattsaga shi ya shanya a ƙasa ya yi kauɗa, ƙura tana hawa. Ruwa yana nan, ƙwazo yana nan, asara kuwa tasa ce shi kaɗai.

A nan ya wajaba in taƙaita da'awata. Ban ce jari ba shi da amfani ba, ban kuma ce ƙananan hukumomi biyu sun isa a yanke wa duniya hukunci da su ba. Iyakar abin da dalili ya ba ni shi ne, a fagen noma dai, bambancin da ke tsakaninmu da waɗancan ƙasashe ya fi bayyana a ranar asara fiye da ranar riba. Amurka tun 1933 ta kafa dokar tallafa wa farashin amfanin gona, Tarayyar Turai tun 1962 take da irin wannan tsari, ta yadda faɗuwar kasuwa a can ana raba nauyinta a kan baitulmali, alhali a Rogo takan ƙare ne da sayar da sa, ko jinginar da gona, ko tafiyar saurayi cin rani. Wanda ya san babu mai tare masa idan ya faɗi, ba zai yi kasadar sabon iri ko babban rance ba, kuma galibin zatona wannan taka-tsantsan ne masu tsanin nan suke gani daga nesa su kira shi gargajiya.